Zare: Jirgin Maraɗi zai ratsa Jibiya, amma ku tambayi tsohon layin Zariya zuwa Jos

1/ Tun da aka aza harsashin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021 nake jin surutu iri biyu. Wasu na cewa an ɗebi kuɗin Najeriya an yi wa Nijar kyauta. Wasu kuma na ta guɗa, wai da jirgi ya iso talaucin Jibiya ya ƙare. Ni ɗan Jibiya ne, kuma duka biyun ban yarda da su ba.

2/ Masu maganar kyauta, don Allah ku buɗe taswira. Layin kilomita 284 ne: Kano, Ɗambatta, Kazaure, Daura, Mashi, Katsina, Jibiya, sannan Maraɗi. Kusan dukkansa a cikin Najeriya yake. Guntun da ya tsallaka iyaka shi ne ya tsone muku ido?

3/ Kuma Maraɗin nan su wa ke cikinta? Katsinawa ne da suka yi arewa bayan jihadi. Har gobe sarautar garin Sarkin Katsina ake ce mata. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a tsakani, auratayya da fatauci kuwa ba su taɓa neman izinin kowa ba.

4/ To masu guɗa, ku ne nake da doguwar magana da ku. Kun taɓa jin ƙaramin layin dogon da ya tashi daga Zariya zuwa Jos? Yawancinmu ba a koya mana shi ba a makaranta.

5/ Turawa suka shimfiɗa shi, ya kai Bukuru a 1914. Siriri ne, faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal, alhali babban layin Legas zuwa Kano ƙafa uku da rabi ne. Ya bi ta Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama, Jengre, yana hawa tsaunukan Filato a hankali kamar mai ciwon ƙafa.

6/ Ba don manoman Soba aka yi shi ba. Don kuza aka yi shi. Kafin zuwansa a ka ake dakon kuzar. Kuma da yake faɗin layukan ba ɗaya ba ne, in an iso Zariya sai an sauke kaya kaf an sake lodi a babban jirgi.

7/ A 1927 aka jawo babban layi daga Kafanchan zuwa Jos. Kuza ta samu gajeriyar hanya zuwa Fatakwal, ba sauke-sauke. Daga nan ɗan ƙaramin jirgi ya fara jan ƙafa, motocin lori suka kwashe abin da ya rage, a 1957 aka rufe shi aka ciccire ƙarafan. Garuruwan da ya ratsa ba wanda ya tambaye su ranar da aka kawo shi, ba wanda ya tambaye su ranar da aka ɗauke.

8/ Haka layin Ƙauran Namoda na 1929 da na Nguru na 1930: gyaɗa, auduga, fatu. Da dalar gyaɗa ta rushe, ku je ku ga tashoshin. Katsina kuwa Bature ko kallonta bai yi da dogo ba, duk tsufanta a fatauci.

9/ Ba sai mun je nesa ba ma. Nijar ta shimfiɗa layi daga Yamai zuwa Dosso, an yi bikin buɗewa a 2016. Ina jirgin?

10/ Saboda haka tambayata ga masu mulki: me jirgin nan zai ɗauka, kuma ta wace ƙofa zai wuce? An rufe iyaka a Agustan 2019. Da aka buɗe wasu a ƙarshen 2020, ta Jibiya sai Afrilun 2022. Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya zo, aka sake garƙamewa har Maris 2024. Gwamnatin da ta ba Mota-Engil kwangilar kusan dala biliyan biyu don a haɗa mu da Maraɗi, ita ce ta bar ƙofar Magama a kulle fiye da shekara guda bayan ta aza harsashin. Wannan wane irin lissafi ne?

11/ Ga tsaro. Bayan abin da ya faru da jirgin Abuja zuwa Kaduna a Maris 2022, kar wani ya ce min ƙarfe zai gadi kansa. Manomin da 'yan bindiga suka raba da gonarsa a ƙauyukan Jibiya da Batsari, wane buhu zai kai tasha?

12/ Abin da nake tsoro shi ne mu zama Kudaru ta wannan zamanin: kwantena ta taso daga Legas a rufe, ta wuce mu da gudu, a buɗe ta a Maraɗi, mu kuma yaranmu na ɗaga mata hannu.

13/ 'Yan majalisarmu, ku daina turo mana hotunan gada. Ku faɗa mana ko tashar Jibiya za ta samu wurin lodin hatsi da dabbobi, ko a nan kwastan za su riƙa tantance kaya, ko akwai taragon talaka da mai buhu uku zai iya biya. Ga madatsar ruwa muna da ita, masu noman rani na neman hanyar kai kaya Kano tun kafin a haife ni. Ku kawo amsar a rubuce, mu karanta a gaban jama'a ranar kasuwa.