Garin Da Doki Ya Tara Wa Jama'a

A wannan makon filin namu zai ƙetare teku zuwa Jihar Teksas ta ƙasar Amurka, inda akwai wani gari mai suna Weatherford, hedkwatar gundumar Parker, yamma da birnin Fort Worth, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba. Mutanen garin suna yi masa kirari da cewa shi ne babban birnin dawakin ware shanu na duniya. Saboda waɗannan dawaki ne attajirai, da likitoci, da 'yan wasan sinima suke barin gidajensu na birni, su sayi fili a bayan gari, su kafa barga, su zauna.

Kafin mu ga abin da ke jawo su, bari mu fara da asalin al'amarin. A ƙarni na 19, kafin a killace dajin Teksas da waya mai ƙaya, shanun mutane dabam-dabam sukan cuɗe wuri guda. Idan lokacin tattara su ya yi, sai kaboyi ya hau doki mai natsuwa, ya kutsa cikin garke, ya fito da saniya guda don a yi mata shaida da wuta, ko a yi mata magani, ko a kai ta kasuwa. Ita kuwa saniya, kamar yadda kowane makiyayi ya sani, ba ta yarda da rabuwa da 'yan'uwanta. Dokin da ya iya tare ta shi ne abin alfaharin mai shi.

Daga alfahari sai gardama, daga gardama sai gasa. An yi wata shahararriyar gasa a garin Haskell a 1898, aka kafa ƙungiyar masu wannan wasa, wato NCHA, a Fort Worth a 1946, sa'an nan a 1962 aka fara babbar gasar dawaki 'yan shekara uku, wadda a yanzu ake yin ta kowace shekara a Fort Worth.

Ga yadda wasan yake. Ana ba mahayi minti biyu da rabi. Da zarar ya fitar da saniya, sai ya sauke hannu ya saki linzami, ya bar doki da dabararsa. Saniya ta zabura dama, doki ya riga ta. Ta juya hagu, ta tarar da shi ya durƙusa a gabanta, ido cikin ido. Alƙalai suna ba da maki tsakanin 60 da 80, kuma wanda ya ja linzami don ya nuna wa doki hanya, an rage masa maki ke nan.

To, abin da ya fi burge ni shi ne, babu mai yin wannan wasa shi kaɗai. Kowane mahayi yana bukatar mataimaka huɗu a kan dawaki: biyu su tsare garke, biyu su riƙa komo masa da saniya. Sau da yawa waɗannan mutane abokan takararsa ne, waɗanda za su shiga filin bayansa suna neman kuɗin da yake nema. A ganina nan ne sirrin garin yake. Mutumin da ya shekara goma a birni bai san sunan maƙwabcinsa ba, ya zo inda ba zai ci gasa ba sai da hannun maƙwabci. Bugu da ƙari, ga mai horar da dawaki kusa, ga likitan dabbobi, ga mai sa wa doki takalmin ƙarfe, ga masu kawo shanun gwaji. 'Ya'yansa kuma su tashi da asuba su ba dabba abinci, su koyi cewa rai yana da hakki a kansu ko da rana ta hutu ce.

Amma fa kowane allazi da nasa amanu. Horar da doki guda yakan ci fiye da shekara, ana biyan mai horarwa wata-wata. Shanun gwajin ma sai an riƙa sake su, domin saniyar da ta saba da doki takan daina gudu. Wato dai aikin da talaka ya ƙago don neman abinci ya zama wasan mai hannu da shuni.

Babbar matsalar kuwa ita ce ta ƙasa. Ƙidayar 2010 ta samu mutum kusan 117,000 a gundumar Parker, ta 2020 kuwa fiye da 148,000. Wasan talabijin mai suna Yellowstone, wanda aka fara nunawa a 2018, ya ƙara wa mutanen birni sha'awar wannan rayuwa, kuma marubucinsa Taylor Sheridan yana da gandun dawaki a Weatherford ɗin. Masu saye suna ƙaruwa, farashin fili yana hawa, magada suna yanyanka manyan gandayen kiwo suna sayarwa eka goma-goma ko ashirin-ashirin. Saurayin da ya gaji kiwo, wanda ribar maruƙa ce jarinsa, ina zai iya takara da wanda ya tara dukiyarsa a harkar man fetur? Ga shi nan, masu son dajin su ne ke cinye dajin.

Dalilin da ya sa na kawo wannan labari shi ne, a nan gida muna yawan jin ana buga misali da gandayen kiwo na Amurka a duk lokacin da aka tashi maganar killace shanu. Ya kamata mu riƙa tambaya: wane irin gandu? Akwai wanda shanu ke ciyar da mai shi, akwai kuma wanda mai shi ke ciyar da shi da kuɗin da ya samo a wani wuri. Duka biyun suna da kyan gani a hoto, amma ɗaya ne kawai ke kai nama kasuwa.

Ban ce sha'awar mutanen Weatherford laifi ba ce. Wanda ya nemi iska mai kyau da maƙwabci nagari bai yi wauta ba. Fatana dai su bar wa saniya wurin kiwo, domin ranar da babu garke, dokin ba shi da abin warewa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.