Igiyar Kare Mai Naɗe Kanta: Sauƙin da Kan Ƙare a Gadon Asibiti

Wataƙila ka yi mamakin ganin mai harhaɗa magunguna ya bar zancen ƙwayoyi da allurai ya koma kan igiyar kare. Dalilina shi ne wani dattijo da ya zo tagar ɗakin magani karɓar warfarin, maganin tsinka jinin da yake sha saboda ciwon zuciya, hannunsa na dama naɗe da bandeji. Da na tambaye shi, sai ya ce ya fita ne da karen gadin gidansa da yamma, karen ya hango akuya ya zabura, shi kuwa ya kai hannu ya cafke igiyar, ta zare tsakanin yatsunsa ta yanke shi. Jinin bai tsaya ba sai da aka kai shi sashen gaggawa. Igiyar kuwa tsaraba ce ɗansa ya kawo masa daga Turai.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, aikinta iri ɗaya ne da tef ɗin awon kafinta. Ana riƙe wani ƙoƙon roba mai mariƙi, a cikinsa akwai sifirin da ke naɗe da siririyar igiya ko tsiri mai faɗi. Idan kare ya yi gaba sai ta warware, idan ya dawo sai ta koma ciki da kanta, akwai kuma maɓallin birki a ƙarƙashin babban yatsa. Wani Bajamushe mai suna Manfred Bogdahn ne ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1970, kamfaninsa na Flexi kuma ya yaɗa ta a duniya. Yawancinsu na kai mita 3 zuwa 8, alhali igiyar da aka saba da ita ba ta cika wuce mita biyu ba.

Ba zan tauye mata haƙƙinta ba, domin tana da amfani. Karen da ya wuni a ɗaure ko a keji yana bukatar ya motsa jiki, ya shinshina, ya yi bayan gida nesa da ƙafar mai shi, kuma wannan igiya na ba shi damar haka ba tare da an sake shi kwata-kwata ba. Ba ta jan ƙasa, saboda haka ba ta kwasar taɓo da ƙazanta, ba ta kuma harɗe ƙafafun kare kamar doguwar igiya sakakkiya. Mutumin da ba ya iya sauri, amma likita ya umurce shi da tattaki saboda hawan jini ko ciwon sukari, zai iya tafiyarsa a hankali yayin da ƙaramin karensa ke kai-komo. A fili mai faɗi, da kare ƙarami mai horo, wannan sauƙi ne na gaske.

Amma ra'ayina shi ne, ga mafi yawan gidaje, haɗarinta ya rinjayi amfaninta. Bari in bayyana maka dalilai.

Na farko, sifirin da ke cikinta ba shi da ƙarfin jawo kare. Igiya kawai yake naɗewa idan ta yi sako-sako. Birki na hana kare ƙara gaba, amma ba ya dawo da shi. Idan karenka na nesa da kai da mita biyar, ga yaro ya ɓullo daga lungu, ba ka da hanyar janye shi nan take sai dai ka kama igiyar da hannu, kuma nan ne rauni ke samuwa. Siririyar igiya mai gudu tana ƙona fata, tana yanka, idan kuma ta naɗe yatsa tana iya karya shi ko ta guntule shi. Masu ƙera ta da kansu suna rubuta wannan gargaɗi a takardar da ke cikin kwalin, sai dai kaɗan ne ke karantawa.

Na biyu, tsawon igiya na ba kare filin ɗaukar gudu. Karen da ke kan igiyar mita ɗaya da rabi bai gama zabura ba an tsayar da shi. Wanda ya sami mita takwas kuwa ya riga ya ɗauki gudu sosai kafin igiya ta ƙare, kuma duk lokacin da gudu ya ninka biyu, ƙarfin fizgar kan ninka huɗu. Wannan fizga tana sauka a wuri biyu: wuyan kare, da kafaɗar mai riƙe da shi. Masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins sun ƙiyasta cewa tsakanin 2001 da 2020 manya fiye da 420,000 aka kai sashen gaggawa a Amurka saboda raunin da suka ji suna yawo da kare a igiya, kuma karayar yatsa da bugun kai da gurɗewar kafaɗa ne suka fi yawa. Adadin ya haɗa kowace irin igiya, amma ya isa ya nuna maka cewa fizgar kare ba abin rainawa ba ce.

Na uku, na'ura ce, kuma na'ura na lalacewa. Yashi da ƙura na shiga cikin ƙoƙon su ci birkin, igiya na tsinkewa, ƙugiya na ɓallewa ta dawo da ƙarfi wajen fuska. A 2008 an janye wani samfurinta daga kasuwannin Amurka saboda ƙugiyarsa na ɓallewa tana ji wa mutane ciwo a fuska. Idan kuma ƙoƙon ya suɓuce maka, sai ya bi bayan karen yana ƙara a ƙasa, karen ya firgita ya faɗa titi. Ga shi kuma mai keke ko mai babur ba ya hango siririyar igiyar da ta gitta hanya da magariba. Shi ya sa ƙa'idojin hanya na Birtaniya suka ce a riƙe kare da gajeriyar igiya a gefen titi da duk hanyar da ake tarayya da masu keke.

A wurinmu akwai ƙarin dalili. Yawancin karnukan da ke gidajenmu na gadi ne ko na farauta, manya ne masu ƙarfi, ba a kuma saba musu da baƙi ba. Unguwanninmu cike suke da yara da awaki da kaji. Sannan ciwon haukan kare bai rabu da mu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamominsa sun bayyana kusan babu mai tsira. Karen da ke mita takwas daga gare ka zai iya cizon ɗan maƙwabci, ko ya kaure da karen da ba a san lafiyarsa ba, kafin ka yi wani yunƙuri.

Akwai waɗanda nake roƙo su bar wannan igiya ɗungurungum. Su ne masu shan magungunan tsinka jini irin su warfarin da clopidogrel da asfirin. Masu ciwon sukarin da jin yatsunsu ya ragu ko rauninsu ke jinkirin warkewa. Masu shan maganin da ke kawo jiri ko gyangyaɗi, kamar amitriptyline da diazepam. Waɗanda suka daɗe kan prednisolone, domin yana raunana ƙashi da fata. Sai tsofaffi da masu juna biyu da yara.

Idan tsautsayi ya auku, ga abin yi. Yanka: danne shi da tsumma mai tsabta, ka ɗaga hannun sama, idan jini bai tsaya ba bayan minti 10, a tafi asibiti. Ƙunar igiya: sa wurin a ruwa mai sanyi mai gudana har minti 20, kada a shafa manja ko man goge baki ko toka. Idan yatsa ya guntule, a naɗe guntun a ƙyalle mai damshi, a sa a leda a ɗaure, a ɗora ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, a garzaya. Mai shan maganin tsinka jini da ya faɗi ya bugu a kai ya je asibiti ko da yana jin garau, kada ya dakatar da maganinsa da kansa, kada kuma ya sha ibuprofen ko diclofenac don zogi. Paracetamol ya fi masa aminci. Cizo ko yakushin kare kuwa, a wanke shi da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar don a duba bukatar allurar rigakafin haukan kare da ta tetanus. Idan an fara allurar, a cika jadawalinta.

In kuwa ka riga ka saya kuma kana son ci gaba da ita, to ka kiyaye sharuɗɗa. Zaɓi mai tsiri mai faɗi a kan mai siririyar igiya. Duba nauyin karen da aka rubuta a jikinta, kada ka wuce shi. Maƙala ta a ɗamarar ƙirji maimakon abin wuya. Kulle ta a gajarce tun daga ƙofar gida, kada ka sassauta sai ka isa fili inda babu mutane da ababen hawa. Kada ka taɓa kama igiyar ko naɗe ta a hannu. Idan kana son rage nisa, danna birki, ka matsa wajen karen, ka saki birkin ta naɗe, ka sake dannawa. Ka riƙa duba ta kafin kowace fita. Ka kuma kai karenka wurin likitan dabbobi a yi masa allurar rigakafin hauka a kan kari.

Dattijon nan ya dawo bayan wata guda, hannunsa ya warke sai tabo. Ya gaya mini ya koma ga igiyarsa ta da, mai kauri, wadda ba ta kai mita biyu ba, tsarabar kuma tana rataye a ƙusa. Ni ma shawarar da zan ba ka ke nan. Rigakafi ya fi magani, kuma ya fi shi araha. Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.