Amurka ta Tsakiya: harshe ɗaya, amma kowace iyaka da nata sharaɗi

Duk wanda ya shimfiɗa taswirar yankin Amurka ta Tsakiya, zai ga kamar babu wata tafiyar yawon buɗe ido da ta kai ta sauƙin shiryawa. Ƙasashe shida ne ƙanana a jere, daga Guatemala zuwa El Salvador da Honduras da Nikaraguwa da Kosta Rika, har zuwa Panama. Dukkansu Sifaniyanci ne harshen hukuma, kuma babbar hanyar mota ɗaya ce ta ratsa su. Biyar daga cikinsu ma rana ɗaya suke bikin samun 'yancin kai daga Sifaniya, wato 15 ga watan Satumba, tun daga shekarar 1821.

Abubuwan kallo kuwa ba su da iyaka. Akwai kufan biranen al'ummar Maya a Tikal da ke Guatemala da kuma Copan a Honduras, da tsofaffin biranen zamanin mulkin mallaka irin su Antigua, da Granada wadda aka kafa a 1524, da tafkuna da duwatsu masu aman wuta, sannan ga mashigin ruwan Panama da aka buɗe a 1914.

To amma abubuwan da suka faru a 'yan shekarun nan sun nuna cewa ba nisan hanya ko tsadar masauki ne ke yanke hukunci kan irin wannan tafiya ba. Siyasar ƙaura da ta tsaro ce ke yi, kuma fasfon da mutum ke riƙe da shi ya fi kuɗin aljihunsa tasiri.

Wata guda, cikas huɗu

Watan Oktoban 2023 kaɗai ya isa misali.

A farkon watan, ƙungiyoyin 'yan asalin Guatemala suka datse manyan hanyoyin ƙasar na tsawon makonni, suna neman babbar mai gabatar da ƙara Consuelo Porras ta yi murabus. Sun zarge ta da yunƙurin hana Bernardo Arevalo, wanda ya lashe zaɓen watan Agusta, karɓar mulki. Motocin haya sun tsaya cik, baƙi da dama kuma suka maƙale a garuruwan da suka sauka.

Ana cikin haka sai Kosta Rika ta ƙaƙaba wa 'yan Honduras biza bisa dalilan tsaro, Honduras ma ta mayar da martani da irin wannan mataki. Direbobin manyan motocin dakon kaya ne suka fi jin jiki, kuma sai bayan kimanin makonni biyu gwamnatocin biyu suka janye.

A ƙarshen watan, zanga-zangar adawa da kwangilar haƙar tagulla da gwamnatin Panama ta ƙulla da kamfanin First Quantum na Kanada ta rufe babbar hanyar ƙasar. Abinci da man fetur sun yi ƙaranci a wasu larduna, kuma ba a sami sararawa ba sai da kotun ƙoli ta soke kwangilar a ƙarshen watan Nuwamba.

Mataki na huɗu shi ne ya fi shafar 'yan Afirka kai tsaye. A wannan wata ne El Salvador ta fara karɓar dala 1,000, wadda ke kaiwa dala 1,130 idan an haɗa da haraji, daga duk fasinjan da ke riƙe da fasfon Indiya ko na ƙasashen Afirka fiye da hamsin idan ya yada zango a filin jirgin samanta. Hukumomi sun ce kuɗin na gyaran filin jirgi ne. Sai dai ba a ɓoye yake ba cewa matakin ya zo ne a daidai lokacin da Amurka ke matsa wa ƙasashen yankin lamba su toshe hanyoyin baƙin haure.

Kwana 90 na ƙasashe huɗu

A shekarar 2006 Guatemala da El Salvador da Honduras da Nikaraguwa suka ƙulla yarjejeniyar da ake kira CA-4, wadda ta bai wa 'yan ƙasashen damar zirga-zirga a tsakaninsu da katin shaidar ɗan ƙasa kawai. Ga baƙo kuwa, ƙa'idar yarjejeniyar ita ce kwana 90, amma na ƙasashen huɗu ne a haɗe, ba kowace da nata ba. A nan ne matafiya da yawa ke yin kuskure. Wanda ya kwashe wata biyu yana koyon Sifaniyanci a Antigua, wata ɗaya ne kacal ya rage masa na sauran ukun, domin tsallakawa daga Guatemala zuwa Honduras ba ya sabunta lissafin. Sai dai ya nemi ƙari a ofishin shige da fice, ko ya fita zuwa Meziko ko Belize ko Kosta Rika sannan ya dawo.

Akan kwatanta wannan tsari da na Schengen a Turai, amma kwatancin bai cika ba. Har yanzu akwai shingayen bincike a kan iyakokin, Nikaraguwa na karɓar kuɗin shiga daga baƙi, kuma kowace gwamnati na iya ɗaukar matakinta ba tare da ta jira sauran ba. A watan Agustan 2024, alal misali, Honduras ta wajabta wa 'yan Birtaniya neman biza, ramuwar gayya kan irin matakin da Birtaniya ta ɗauka a kan 'yan Honduras a 2023. Sakamakon haka, Baturen Ingila da ya shiga Guatemala ba tare da biza ba, ya koma yana neman hanyar da zai kauce wa Honduras kafin ya isa Nikaraguwa.

Wannan rauni na haɗin kai ba sabo ba ne. Ƙasashe biyar na yankin sun taɓa zama tarayya ɗaya daga 1823, kafin ta wargaje cikin ƙasa da shekaru ashirin. A 1969 ma El Salvador da Honduras sun gwabza yaƙi na kwana huɗu. Ko a batun kuɗi kowa tasa ta fisshe shi: Guatemala na da quetzal, Honduras lempira, Nikaraguwa cordoba, Kosta Rika colon, yayin da Panama tun 1904, da El Salvador tun 2001, suke amfani da dalar Amurka.

Inda aka fi samun sauyi

Babu ƙasar da matsayinta ya sauya a idon matafiya kamar El Salvador. A 2015 ana kashe fiye da mutum 100 cikin kowane 100,000 na al'ummarta a shekara, abin da ya sa ta kasance cikin mafiya haɗari a duniya, kuma masu yawon buɗe ido kan ratsa ta ne a guje, ko su tsallake ta gaba ɗaya. Bayan da shugaba Nayib Bukele ya kafa dokar ta-ɓaci a watan Maris na 2022, alƙaluman gwamnati sun nuna cewa adadin ya faɗi zuwa ƙasa da mutum 2 a 2024, shekarar da ta ce ta karɓi baƙi kusan miliyan 4.

An sayi wannan kwanciyar hankali da tsada. An kama mutane sama da 80,000, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin bil'adama sun tattara bayanan tsare mutane ba tare da shari'a ba da mace-mace a gidajen yari. Baƙon da ke shan iska a bakin teku ba lallai ne ya ga wannan ba.

Nikaraguwa kuwa baya ta ci. Kafin watan Afrilun 2018 ita ce ake yabo a matsayin ƙasa mai araha da zaman lafiya. Murƙushe zanga-zangar wannan shekara da gwamnatin Daniel Ortega ta yi ya hallaka mutane fiye da 300, kuma tun daga lokacin hukumomi sun sha hana 'yan jarida da ma'aikatan ƙungiyoyin agaji da malaman coci shiga ƙasar. Matsalar ita ce Nikaraguwa ta mamaye faɗin yankin daga teku zuwa teku, don haka duk mai tafiya ta ƙasa dole ne ya bi ta cikinta.

Inda kwalta ta ƙare

A garin Yaviza na Panama hanyar motar ke yankewa. Tsakaninsa da inda ta ci gaba a Kolombiya akwai dajin Darien, kimanin kilomita 100 na ƙungurmin daji da fadama. Mai yawon buɗe ido da ke son ƙarasawa Amurka ta Kudu, jirgin sama yake hawa, ko kuma jirgin ruwa na 'yan kwanaki ta tsibiran San Blas zuwa Cartagena.

Wasu kuwa da ƙafa suka ratsa shi, daga kudu zuwa arewa. A 2023 hukumomin Panama sun ƙidaya baƙin haure sama da 520,000 da suka keta dajin, akasarinsu 'yan Venezuela, amma har da 'yan Afirka da Asiya. Adadin ya sauka zuwa kimanin 300,000 a 2024, shekarar da Jose Raul Mulino ya hau mulki da alƙawarin rufe hanyar, sannan ya ragu zuwa 'yan dubbai kaɗan a 2025 bayan dawowar Donald Trump fadar White House.

Wannan kwararar jama'a ce ta shafa wa halastattun matafiya daga Afirka kashin kaji. A 2023 dubban 'yan Mauritaniya da Senegal sun bi ta Nikaraguwa, wadda ke da sassaucin shiga a lokacin, domin isa iyakar Amurka ba tare da ratsa Darien ba. Ba a daɗe ba ƙofofi suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, kuma a 2024 Sifaniya ta wajabta wa 'yan waɗannan ƙasashe biyu bizar yada zango a filayen jiragenta. Irin haka ta taɓa faruwa a Ecuador, wadda ta soke biza ga kusan kowa a 2008, amma ta dawo da ita kan 'yan Najeriya a 2010, sannan kan 'yan Ghana da Kamaru a 2019.

Ga ɗan Najeriya ko ɗan Ghana, wahalar kan fara ne tun kafin a isa yankin. Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Afirka ta Yamma zuwa can, kuma ƙasashen biyu suna cikin jerin waɗanda sai da biza ake barin 'yan ƙasarsu su sauya jirgi a filayen jiragen yankin Schengen. Amurka ma ba ta barin a ratsa ta ba biza. Ga kuma katin rigakafin cutar shawara, wanda akasarin ƙasashen ke nema daga wanda ya fito daga inda cutar take.

Hanyar da ta fi sauƙi a da ita ce mallakar bizar Amurka mai aiki, domin ƙasashe kamar Panama da Kosta Rika kan ɗauke wa mai ita neman tasu bisa wasu sharuɗɗa. To sai dai ita ma wannan ƙofa ta ƙuntata. A watan Yunin 2025 Amurka ta haramta wa 'yan Chadi da Sudan shiga ƙasarta, a watan Disamba kuma ta ƙara da Nijar, tare da taƙaita bizar 'yan Najeriya.

Bayan duk wannan akwai batun yanayi, wanda ba ya duba fasfo. Damina a yawancin yankin kan kama daga watan Mayu zuwa Nuwamba, kuma ƙarshenta ne lokacin mahaukaciyar guguwa. A watan Nuwamban 2020 guguwar Eta da ta Iota sun afka wa gaɓar Nikaraguwa da tazarar makonni biyu kacal, suka karya gadoji tare da yanke hanyoyi har cikin Honduras da Guatemala. Wannan ne ya sa akasarin baƙi ke yin tururuwa tsakanin Disamba da Afrilu, lokacin da farashin masauki ke tashi, musamman a makon bikin Ista, sa'ad da samun ɗaki a Antigua kan gagari wanda bai kama tun watanni kafin lokacin ba.