Hular Kwano Kafin Ado

Manyan baburan nan masu gajeren sirdi da faɗin kai, irin su Harley-Davidson na Amurka, nauyin waɗansunsu ya kan wuce kilo 300. Mai irin wannan babur, in ya tashi saya masa kaya, wajibi ne ya fara da abin da zai tsare ransa.

Na farko hular kwano mai rufe haɓa, wadda ta zauna daidai kansa, ya kuma ɗaure igiyarta. Tun ran 1 ga Janairu 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya ta a Nijeriya. Sa'an nan safar hannu ta fata, da takalmi mai rufe idon sawu, da ƙarfen da a ke ɗaurawa gefen inji don kada babur ya danne ƙafa in ya faɗi.

Bayan waɗannan sai gilashin tare iska, da sirdi mai laushi, da majingina ga wanda aka goya, domin gajiya ma ta kan kayar da gwani a doguwar hanya.

Fitilun ado da salansa mai ƙara, su jira tukuna. Rigakafi ya fi magani.