Wa Zai Nuna Musu Ƙofa?

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku a kan wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

A ɗakin kwananmu akwai wata yarinya, ba zan faɗi sunanta ko ajinta ba. Lokacin hutu 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyensu da tsakar dare, ta ga abin da bai kamata idon yaro ya gani ba. Da aka dawo makaranta sai ta riƙa firgita cikin barci tana kururuwa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce gida take so. Ni kaina, Allah ya gafarta mini, na taɓa daka mata tsawa don ta hana ni barci daren jarrabawar lissafi. Aka kai ta ɗakin shan magani, aka ba ta ƙwayar ciwon kai. Ba wanda ya tambaye ta abin da ya same ta, kuma ko da ta faɗa, ba mu san inda za a kai ta ba.

Ba ita kaɗai ba ce. An sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, da samari fiye da 300 a Ƙanƙara a 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a 2021. Duk ranar da aka sako wasu, kowa sai murna. To, bayan wata shida fa, wa yake tambayar yadda suke kwana?

Abin takaicin shi ne, wuraren taimako suna nan, saninsu ne ba mu yi ba. Alal misali, akwai cibiyoyin da aka buɗe musamman don waɗanda aka yi wa fyaɗe, kamar Mirabel a Legas tun 2013, da Waraka a Asibitin Murtala na Kano. A can ake duba lafiyar mutum, a saurari damuwarsa, sa'an nan a haɗa shi da hukuma in yana son shari'a. Dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wadda jihohi da yawa suka karɓa, ta ce wannan taimako haƙƙinsa ne. Kuma abin yana da lokaci: maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shan sa cikin awa 72, watau kwana uku. Iyayen da suka kwana huɗu suna shawarar ko a faɗa ko a rufe, sun makara.

Na sani wani uba zai ce tsoron tonon asiri yake yi, kada 'yarsa ta rasa mijin aure. Baba, ina ganin girmanka, amma ma'aikatan nan aikinsu ne riƙe sirri, kuma ciwon da aka rufe ruɓewa yake yi.

Roƙona ga shugabar makaranta kaɗan ne. A zaɓi malama guda mai riƙon amana, a koya mata sauraro, ta san hanyar asibiti da ofishin jin daɗin jama'a, a kuma liƙa lambobin wayarsu a allon sanarwa.

Yarinyar nan har yanzu takan farka da kuka. Yanzu nakan tashi in riƙe hannunta har ta koma barci, amma shekarata goma sha shida, iyakar abin da na iya ke nan.