Dogayen Benaye Da Hadarin Farkon Damina

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni filina na wannan mako in amsa tambayar da alhazanmu na Kazaure da Roni su kan yi in sun komo. Sun ga hasumiyar agogo ta Makka, wadda aka gama a 2012, tsawonta ƙafa 1,972. Su kan ce, yaya iska ba ta kā da ita, alhali kuwa a nan Yankwashi hadarin farkon damina ya kan yaye kwanon ɗaki ya jefa shi a gona?

To, jama'a, farkon maganar a ƙasa ta ke. Ginin da ya fi kowane tsawo a duniya shi ne Burj Khalifa na Dubai, ƙafa 2,717, an buɗe shi a 2010. Kafin a aza hawa ɗaya sai da aka binne ginshiƙai na kankare fiye da 190, kowanne zurfinsa ya kai kamar ƙafa 160. Sa'an nan aka yi gindinsa da fāɗi, yana tsukewa mataki mataki har ƙololuwa, don kada iska ta sami bango ɗaya miƙaƙƙe da za ta yi ta bugu. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Maginanmu na tubali sun daɗe suna kaurara gindin bango su sirantar da kansa. Duk wanda ya ga hasumiyar Gobarau a Katsina, ko ta masallacin Agadas, ya ga haka da idonsa.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne dogon bene ba tsayawa ƙiƙam ya ke yi ba. Da gangan a ke barinsa ya ɗan yi rangaji kamar giginya, gama abin da ya ƙi lanƙwasa karyewa ya ke yi. Aikin injiniya shi ne ya rage rangajin. A birnin Taife na tsibirin Taiwan, inda girgizar ƙasa da guguwa ba su rabuwa da mutane, akwai bene mai hawa 101. Can kusa da ƙololuwa suka rataya wata ƙwallon ƙarfe mai nauyin tan 660. In iska ta tura ginin gabas, sai ƙwallon ta yi nawa, ta rinjaye shi baya. A cikin guguwar watan Agusta 2015 an ga ta yi lilo har fiye da ƙafa 3, ginin kuwa yana nan tsaye.

Kada wani ya ce girgizar ƙasa ba ruwanmu. An ji motsinta a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, an kuma ji a Mpape ta Abuja a 2018, ko da ya ke ƙarama ce. Iska kuwa ba a raina ta. Ita ce ta kā da injin ɗaga kaya a Masallacin Harami ran 11 ga Satumba 2015, mutum fiye da 100 suka rasu.

Duk da haka, abin da ya fi kashe mutane a benayen ƙasar nan ba iska ba ce. Ran 1 ga Nuwamba 2021 wani bene mai hawa 21 da a ke kan ginawa a Ikoyi ta Ikko ya rushe da rana tsaka, ba hadari, ba girgiza, ya hallaka fiye da mutum 40. A Kano ma, a watan Agusta 2022, bene mai hawa 3 ya fāɗi a Titin Beirut. Ni dai a ganina, mai kuɗin da ya rage siminti da rodi don ya ƙara hawa ɗaya, ya sayar da ran masu haya ne.

Yanzu benaye sun soma fitowa a Kazaure da Babura. Ina roƙon hukuma kada ta bar kowa ya ɗora hawa na biyu sai injiniya ya duba ƙasar wurin, ya auna rodin da ke cikin ginshiƙai tun ba a zuba kankare ba.

Ni ne naka,
Akawu, Yankwashi.