Tsuntsaye biyu, darasi ɗaya

Jama'a, yau ba siyasa zan yi ba, maganar tsuntsu ce, amma ku ɗan yi haƙuri ku karanta.

Akwai wasu 'yan tsuntsaye masu ruwan ƙasa da ke rayuwa cikin dogayen ciyayin fadama, masana na kiran danginsu Acrocephalus. Biyu daga ciki sun yi kama sosai. Babban yana ƙyanƙyasa a faɗin Turai har zuwa Asiya, idan sanyi ya shigo ya ƙetaro Sahara zuwa ƙasashenmu, har Najeriya. Ɗayan, wanda ake kira na Basra, kusan duk ƙyanƙyasarsa a fadamun kudancin Iraƙi yake yi, sannan ya tafi Gabashin Afirka, irin su Kenya da Tanzaniya.

A jerin ƙungiyar IUCN, babban yana cikin waɗanda ba a fargabar ƙarewarsu. Na Basra kuwa yana cikin masu fuskantar barazanar ƙarewa. Me ya raba su? Gida. Babban in an lalata masa fadama ɗaya yana da wasu. Na Basra gidansa kusan ɗaya ne tal, kuma a shekarun 1990 gwamnatin Saddam ta janye ruwan fadamun, har kusan kashi 90 cikin 100 suka bushe. Ba tsuntsu kaɗai abin ya shafa ba, dubban Larabawan da ke kiwon ɓauna da kamun kifi a wurin sai da suka watse. Bayan 2003 mutane sun fasa shingayen, ruwa ya dawo wani sashe, a 2016 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya. Amma yanzu fari da madatsun ruwan Turkiyya da Iran na sake matse shi.

Ni a ganina, tsuntsun nan alama ce kawai. Duk inda ya rasa wurin zama, masunci da makiyayi ma sun rasa. Mu dubi fadamar Hadejia zuwa Nguru: tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992 ambaliyar da ke ciyar da ita ta ragu, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Mutanen wurin fa kamar na Basra suke, ba su da wata fadamar da za su koma.

Mu da ke ofis muna sa hannu a takardun ayyukan ruwa, ya kamata mu riƙa tambaya: na ƙasan kogi fa, me zai isa gare su? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya sa mu gane.